Kyanwar da Ta Raba Ilu da Yelwa

Balkisu Abdulsalami tana da shagon buga takardu da fotokopi a New Bell, cikin unguwar Hausawa. Kwamfuta biyu ce a shagon, da injin fotokopi guda mai ɗaukar zafi kamar tanda, sai benci a bakin ƙofa. Duk Lahadi bayan la'asar takan rufe rabin ƙofar, marubutan unguwa su taru a ciki, wata rana su tara, wata rana su goma sha biyu, gwargwadon yadda ruwan sama ya bar hanya.

Bara ne suka yanke shawarar fitar da littafi guda mai tattare da gajerun labaransu. Nan take rigima ta tashi a kan abin da za a rubuta. Rabin ƙungiyar suna son labaran kyanwowi. Ɗaya rabin suna son labaran garuruwan da ke ƙarƙashin teku, suna cewa duk wanda ya yi damina uku a New Bell ya riga ya san rabin abin da zai rubuta. Lahadi huɗu ana maimaita magana ɗaya. Balkisu, wadda aka ɗora wa aikin tace littafin saboda ita ce mai kwamfuta, ta gaji. Ta ce to, kowane labari dole ya ƙunshi kyanwa, kuma dole ya faru a ƙarƙashin teku. Ta faɗa ne don ta ba wa kowa haushi daidai wa daida. Sai kowa ya amince.

Labari goma sha huɗu suka shigo, tara da Hausa, biyar da Faransanci. Akwai na muzurun da ya zama alƙali a cikin wani jirgi da ya nitse. Akwai na mai kitson da gashin kwastomominta ba ya tsayawa wuri ɗaya sai kyanwarta ta danne shi da ƙafa. Akwai wani mai shafi ashirin wanda kyanwar ba ta bayyana ba sai a layin ƙarshe, kuma ko a nan ma wucewa kawai ta yi. Balkisu ta buga su duka, ta fitar da su a takarda, ta jera a kan tebur don ta bi su da biro.

A nan Baba Ilu ya gan su.

Baba Ilu tsohon tela ne, aminin marigayi mahaifinta. Idonsa ya daina ganin kafar allura, amma yana ganin rubutu. Kullum da hantsi yakan zo ya zauna a bencin shagon, ya karanta duk takardar da hannunsa ya kai gare ta, ko da takardar neman aikin wani ce. Ran nan ya ɗauki labari ɗaya, ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau.

"Balki, wa ya rubuta wannan?"

"Salman ne, Baba. Mai gyaran waya."

"Bai taɓa zuwa ba."

"Zuwa ina?"

"Can ƙasa. Ya ce wai kyanwa tana iyo. Kyanwa ba ta iyo a can. Takawa take a ƙasa kamar kowa, sai dai a hankali, gashinta a tsaye, ranta a ɓace."

Balkisu ta yi dariya. Da ta ɗago kai sai ta ga ita kaɗai take yi.

"Shekara tara na yi a can," in ji shi. "Daga bakin ruwan Youpwé ake sauka."

Duk unguwa an san Baba Ilu ya taɓa ɓacewa, daga 1979 zuwa 1988. An kuma san inda ya je. Ta tuna masa da haka cikin ladabi.

"Gabon na ce, don duk wanda ya ji Gabon ba ya ƙara wata tambaya," ya ce. "Ba ni jan biro."

"Baba, ai labaran nan ƙirƙira ce. Kowa abin da ya zo masa a kai ya rubuta."

"Ya ƙirƙira mana, ban hana shi ba. Amma kada ya yi wa mutane ƙarya a kan unguwarsu."

Ta ba shi biron don a zauna lafiya. A ranta ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ta kuma ji tausayinsa, don mahaifinta ma haka ya fara.

Kwana uku ya yi a kan bencin yana rubutu a gefen shafuka. A rana ta huɗu ta ɗauki takardun da niyyar ta sake fitar da sababbi masu tsabta, sai idonta ya faɗa kan gyaran da ya yi a labarin Nana Hadiza, wata malamar firamare. A labarin wata mata tana kuka mijinta ya tafi. Baba Ilu ya ja layi a ƙarƙashin kalmar hawaye, ya rubuta: "Ba a ganin hawaye a can. Wanda zai yi kuka sai ya bi maƙwabta ya sanar da su da baki, in ba haka ba ya yi a banza."

Balkisu ta zauna ta karanta sauran.

Inda wani ya ce an dafa shayi, ya rubuta cewa ba wuta a can, ganyen shayi ake sawa a kunci, a riƙe kofi a hannu don ladabi. Inda wani ya sa ladan ya hau hasumiya, ya gyara: tsohuwar angar jirgi ake bugawa da guduma, a ƙirji ake jin kiran salla, ba a kunne ba. Ya ce mata suna shanya har yau duk da kaya ba sa bushewa, saboda in an daina ba su da wurin haɗuwa. Game da kyanwowi kuwa, ya ce kifi suka biyo suka sauka, suka yi nadama tun ranar farko, amma babu wadda za ta yarda ta faɗa.

Ranar Lahadi ta raba wa kowa takardarsa. Ta yi tsammanin faɗa. Salman ya karanta nasa, ya ce, "C'est vrai, gaskiya ne, kyanwa mai takawa ta fi." Nana Hadiza ta sake rubuta wurin kukan, matar tana bin gida gida tana sallama tana cewa ta fara, sai labarin ya zama wanda ya fi kowanne taɓa zuciya. Aka amince a sa sunan Baba Ilu a shafi na biyu a matsayin mai tantance bayanai. Ya ce a sa cikakken sunansa, Iliyasu, saboda mutanen can.

Nana Hadiza tana haya ne a gidan Inna Yelwa, wata tsohuwa mai sayar da kifin banda, wadda kullum da safe take zuwa Youpwé ta saro ɗanye. Wata rana da yamma Nana Hadiza tana karanta gyararren labarinta da ƙarfi a tsakar gida don ta ji yadda yake sauka a kunne. Inna Yelwa tana juya kifi a kan ragar banda. Da aka zo inda aka ce kasuwar garin ranar Talata take ci, sai tsohuwar ta ajiye kifin.

"Wa ya gaya miki Talata?"

"Wani dattijo ne yake mana gyara, Inna."

"Ilu ne."

Washegari da hantsi Inna Yelwa ta sauka daga kan benskin, babur ɗin haya, a ƙofar shagon, warin hayaƙi yana biye da ita. Ta gaisa da Balkisu, ta tambayi mahaifiyarta da yara, sannan ta juya wajen benci. Baba Ilu ya miƙe tsaye, takardu suka zube daga cinyarsa.

"Laraba take ci," in ji ta.

"Talata."

"Kai da ba ka taɓa zuwa cefane ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a garin nan, na riga ka sauka da shekara biyu. Balkisu, ba ni biro. Ba ja ba, kore."

Balkisu ta ce ba ta da kore. Inna Yelwa ta ciro nata daga lalita.

Da azahar ta yi, Baba Ilu ya tafi masallaci, Balkisu ta jawo kujera kusa da tsohuwar. Ta ɗauko wasu shafuka da Baba Ilu ya gyara jiya, waɗanda ba wanda ya gani sai ita, ta riƙa tambaya kamar hira. Me ake kiran mai unguwar garin? Wane launi ne ƙofar masallaci? Matakala nawa ce daga bakin ruwa zuwa kasuwa? Inna Yelwa tana amsawa ba ta ko ɗaga kai daga aikinta. Mai unguwa Tanko Gurgu. Ƙofar ba ta da launi, ɓawon kawa ya rufe ta. Matakala ɗari biyu da shida, ta casa'in a karye take, a nan baƙi suke faɗuwa, sai dai faɗuwar a hankali ce. Duk abin da ta faɗa, shi ne a rubuce da jan biro, har ta casa'in ɗin.

Balkisu ta bincika a unguwa. Tsofaffi suka tabbatar mata cewa Yelwa ma ta taɓa yin doguwar tafiya, an ce Garoua wajen gwaggonta. Suka kuma tabbatar cewa layi huɗu ne kacal tsakanin gidanta da na Ilu, kuma shekara talatin da wani abu ba wanda ya taɓa ganin sun gaisa. Daga ranar Balkisu ta daina cewa tsufa ne. Ba ta sami wata kalmar da za ta sa a madadinsa ba, sai ta bar wurin haka.

Aikin littafi ya tsaya. A abu casa'in cikin ɗari jan biro da koren biro bakinsu ɗaya, amma a sauran goman ba sa ragawa juna. Inda ya rubuta Talata, ta soke. Inda ta soke, ya sake rubutawa a sama. Ya ce in aka sa sunanta a littafin a cire nasa. Ta ce a sa nasa, amma a ƙasan nata, da ƙananan haruffa. Marubutan suka sake rabuwa biyu kamar farko. Mai ɗab'in da suka yi magana da shi a Bonabéri ya aiko cewa in ƙarshen wata ya wuce, injinansa na littattafan makaranta ne, sai su jira bayan damina.

Balkisu ta lura da abu ɗaya. Duk labarin da aka ce kyanwa ta ɓata, nan birukan biyu suke yin kaca-kaca da shafi har takarda ta huje. Don haka wata Alhamis ta sallami kwastomomi, ta sayo makala, fanken garin, da lemo, ta zaunar da su biyun a cikin shago, ita a tsakiya.

"Baba, Inna, ku yi mini afuwa, ni 'yarku ce. Wace kyanwa ce ta ɓata?"

Injin fotokopi yana ta hucinsa.

"Tasalla," in ji Baba Ilu.

"Fara ce, da baƙin kunne ɗaya," in ji Inna Yelwa. "Shi ya bar ƙofa a buɗe."

"Ke kika sake ta."

"Bayan ka sake ni."

Balkisu ta ajiye lemon da ta ɗauka. "Wai aure ne tsakaninku?"

"Shekara shida," in ji Baba Ilu. "A can aka ɗaura. Kuma ni ban taɓa sakin kowa ba."

Da ƙyar ta sa suka yi magana ɗaya bayan ɗaya. Baba Ilu ya fara da bayanin yadda ake zance a can. Kowace kalma a cikin kumfarta take fita. Manyan kumfa sukan yi sama su ɓace, ƙanana su isa kunnen mai sauraro, ba lalle a jere ba. Shi ya sa mutanen can suke faɗin kalma ɗaya, su jira ta isa, sannan su saki ta biyu. Wanda ya yi fushi ya zubo magana a haɗe, to abin da ya isa shi ne rabonsa.

"Ran nan na dawo daga ɗinki," ya ce, "na tarar tana goge Tasalla da tawul. Kullum sai ta goge ta. A cikin ruwa. Kyanwar tana ta mutsu-mutsu."

"Tana jin sanyi," in ji Inna Yelwa.

"Raina ya ɓaci, na manta da ƙa'ida. Na ce, na ce ki saki kyanwar nan."

Inna Yelwa ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. "Ba haka ka ce ba."

"Haka na ce."

"Uku ne suka iso wurina. Na. Saki. Ki."

"Wa yake cewa na saki ki? Ko yaron goye ba ya faɗin haka."

"Na ɗauka fushi ne ya karya maka Hausa."

Ta ce a take ta saki kyanwar, ta ɗauki mayafinta, ta hau matakala ɗari biyu da shida ba ta waiwaya ba. Shi kuma ya ce ya ɗauka yaji ta yi, za ta huce ta dawo. Tasalla ta bi ta ƙofar da ke buɗe. Wata huɗu ya yi yana neman kyanwar lungu lungu, yana tunanin in matar ta dawo ta tarar babu ita, wani sabon faɗan ne. Da bai same ta ba, matar ma ba ta dawo ba, sai ya hauro. Ya hango ta a kasuwa a bayan tiren kifi, ya nufe ta, ta kawar da kai. Ya ce shi ke nan, ta gaji da shi.

"Me zan ce wa mutumin da ya sake ni a kan tawul?" in ji Inna Yelwa. Amma muryarta ta sauka.

Balkisu ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin edita. Mu je wurin Malam."

Malam Badaru shi ne limamin ƙaramin masallacin layinsu, mutum mai sanyin magana. Balkisu kaɗai ta san cewa shi ne ya rubuta labarin muzuru alƙali, ya sa hannu da Wani Bawan Allah. Suka same shi a zaurensa bayan la'asar. Ya saurari Baba Ilu har ya gama, ya saurari Inna Yelwa har ta gama, bai yi murmushi ba ko sau ɗaya. Ya tambayi wa ya ɗaura auren, su wa suka shaida, mene ne sadaki. Suka amsa baki ɗaya. Sadakin buta ce ta ƙarfe, don ta roba ba ta zama a ƙasa.

"A kawo mini ruwa a babban baho," in ji Malam.

Aka kawo. Ya ce wa Baba Ilu ya cire hula, ya sa fuskarsa a ciki, ya maimaita maganar da irin fushin ranar. Baba Ilu ya durƙusa da ƙyar, ya tsoma fuska, ruwan ya yi ta ɓulɓuli. Ya ɗago gemunsa yana ɗiga.

"Balkisu, me kika ji?"

"Ban ji komai ba, Malam. Kamar ana cika tulu."

"Hajiya Yelwa fa?"

"Ai baho ba teku ba ne," ta ce. "Amma na ji kyanwa a ciki."

Malam Badaru ya gyara zama. Ya ce saki yana bukatar lafazi da niyya. Mutumin nan bai furta ba, bai kuma nufa ba. Abin da ruwa ya yi da maganarsa a hanya ba a wuyansa yake ba. Saboda haka babu saki, aure yana nan.

Baba Ilu ya mai da hularsa a kan jiƙaƙƙen kai. Inna Yelwa ta miƙe.

"Malam, shekara talatin da bakwai ina zaune lafiya. Na gina gida, na je Makka da kifina, ba wanda ya tambaye ni ina za ki. Yanzu a ce mini ni matar Il..." Ta tsaya. Tun da ta zo shagon take kiran sunansa gatsau, yanzu kuma ya maƙale mata. Ta yi ƙoƙari ta sake, ya ƙi fita. "Matar wannan mutumin ce? To ya sake ni yanzu, a kan tudu, kowa ya ji."

"Wannan haƙƙinki ne ki nema," in ji Malam. "Shi kuma ya amsa."

Baba Ilu ya ce a ba shi mako guda.

Da za su fita Balkisu ta tsaya a baya, ta rage murya. "Malam, don Allah, kai ka yarda akwai garin?"

"Ba a tambaye ni ko akwai gari ba. An tambaye ni ko akwai saki." Ya ɗan matso. "Wancan labarin na alƙali, gyara nawa suka yi masa?"

"Goma sha bakwai."

Ya gyaɗa kai, kamar ya yi tsammanin fiye da haka.

Mako gudan nan Baba Ilu bai zo benci ba. Balkisu ta aika masa da abinci sau biyu, aka ce yana nan, ya fito da tsohon kekensa na ɗinki yana shafa masa mai. Ranar Alhamis ya zo zauren Malam da farar riga, da ƙunshi a hannu. Ya miƙa wa Inna Yelwa. Tawul ne ƙarami, ya yi masa dajiya da hannu, ɗinkin a karkace saboda ido.

"Wancan kin bar shi a can," ya ce.

Sannan ya fuskance ta, ya yi magana irin ta mutanen ƙasa. Ya faɗi kalma ɗaya, ya jira. Ya faɗi ta biyu, ya jira. Kafin ta uku ya daɗe har Malam ya ɗago kai. Ya faɗe ta.

"Ta iso," in ji Inna Yelwa.

Ta naɗe tawul ɗin ta sa a jaka. Balkisu ta mai da idonta kan tabarma.

Malam ya tunatar da su cewa akwai idda, wata uku, kuma ciyarwa a kan mijin take. Inna Yelwa ta ce ita da take ciyar da rabin layi. Malam ya ce hukunci ne. Don haka kullum da rana Baba Ilu yakan tako layi huɗu da kwano a hannu, yau shinkafa, gobe wake da makala, ya yi sallama a ƙofar gidanta. Takan karɓa, ta buɗe, ta faɗi abin da ya rasa, ta cinye. Tunda yana zuwa, sai Nana Hadiza ta riƙa kawo shafukan littafin gida. Shi yana zaune a dakali a waje, ita tana daga cikin zaure, takarda tana shiga tana fita. A haka suka gama labari goma sha huɗu. Maganar kasuwa ba su daidaita ba, aka buga Talata ko Laraba a duk inda ta fito.

Wa'adin mai ɗab'i ya wuce tun tuni. Sai bayan damina Balkisu ta haye gadar kogin Wouri zuwa Bonabéri da aikin a jakarta. Littafin ya fito da shuɗin bango, da hoton farar kyanwa mai baƙin kunne tana takawa a kan yashi, ranta a ɓace. Sunayen masu tantancewa biyu suna layi ɗaya, haruffa daidai. An yi ƙaddamarwa a farfajiyar wata makaranta, an karanta labari uku, mutane sun yi dariya inda ya kamata da inda bai kamata ba. Wani ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Kano ba ya ja Balkisu gefe ya tambaya ko mutanen can suna bukatar atamfa.

Kwana biyu bayan haka Inna Yelwa ta zo shago da sassafe, Baba Ilu yana biye da ita da tazarar taku biyar. Idda ta ƙare tun makonni, sunansa ya dawo bakinta.

"Ilu ya ce bai dace a rubuta mutane ba a kai musu ba," ta ce. "A wannan karon yana da gaskiya. Ɗauko guda ɗaya ki zo."

Suka tafi Youpwé. Masunta suna sauke kifi, mata suna ciniki da Faransanci da Pidgin, kowa yana gaida Inna Yelwa. Ta sami wani mai kwalekwale da ta sani, ta yi masa kwatance da hannu, bai tambayi dalili ba. Balkisu ta sa littafin a leda uku, ta ɗaure da igiya, Baba Ilu ya haɗa da rabin bulo. Suka wuce bishiyoyin da ke tsaye cikin ruwa, suka fita inda ruwan ya buɗe ya yi launin shayi da madara.

"Nan," in ji su biyun.

Mai kwalekwale ya kashe inji. Balkisu ta miƙa ƙunshin, kowannensu ya riƙe gefe ɗaya, suka sake shi tare. Ya nitse ba ƙara. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai inuwar ɗankwalinta.

"Za su ba da amsa?" ta tambaya.

"Ba da wuri ba," in ji Inna Yelwa. "Tanko ne kaɗai mai tabarau, kuma shi zai fara karantawa."

Kwalekwalen yana tashi yana sauka. Balkisu ta juya za ta yi wa Baba Ilu magana, sai ta ga fuskarsa ta canja, ya kama gefen jirgin da hannu biyu. Kafin ta ce wani abu ya sunkuya ya amayar da karin kumallonsa gaba ɗaya.

Mai kwalekwale ya ce da Faransanci ashe tsohon bai saba da ruwa ba.

"Saman ne ban saba da shi ba," in ji Baba Ilu, idonsa a rufe.

Inna Yelwa ta matsa kusa da shi, ta dafa bayansa, ta ce wa mai kwalekwale ya juya a hankali, kuma ya bi ta gefen bishiyoyi inda ruwan ya fi kwanciya.